Yanke wa Ƙananan Yara Farce a Al'adar Hausawa: Waiwaye Daga Unguwar Shanu ta Kaduna

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan manyan matakan rayuwa, watau aure da haihuwa da mutuwa, sun kuma taɓo suna da kaciya da yaye. Amma akwai waɗansu hidimomi na yau da kullum waɗanda saboda ƙanƙantarsu ido yakan tsallake su, alhali kuwa idan aka bi diddiginsu sai a tarar suna ɗauke da tarihin gida da na gari. Ɗaya daga cikinsu ita ce yanke wa ƙaramin yaro farce, musamman mai shekara ɗaya da rabi zuwa uku, wanda ya riga ya san ƙarfe, ya san zafi, amma bai kai ga fahimtar amfanin abin da ake so a yi masa ba.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ya faru ne a gidan wata ƙanwata a Unguwar Shanu, cikin garin Kaduna. Ɗanta mai shekara biyu ya kwana yana susa har ya karce kumatunsa, ita kuwa ta yi fama da shi tun da safe don ta rage masa farata, ya dunƙule hannu, ya turje, ya shiga birgima. Ana cikin haka sai ga ƙarar almakashin mai yankan farce a bakin layi, ta yi haramar aika yaro ya kira shi. Mahaifiyarmu, wadda ta zo mana ziyara daga gida, ta ce, "Kul! Ki ƙyale mini miji ya yi barci tukuna." Bayan azahar yaro ya yi barci a cinyarta, ta sa aka sayo sabuwar reza, ta yanke masa tas bai motsa ba. Sa'an nan ta tattara ɓarɓashin a tafin hannunta, ta je gindin katanga ta tona ta binne.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin wannan 'yar hidima, ta nuna cewa ƙiyawar yaro tana nan yadda take tun kaka da kakanni, abin da ya sake shi ne hannun da yake riƙe da yaron da kuma ƙarfen da ake yi masa aiki da shi, kuma wannan sauyi yana da sakamako ga lafiyarsa.

2.0 Sunaye da Kayan Aiki

Hausa tana da kalmomi uku fitattu na wannan gaɓa, watau farce da ƙumba da akaifa, kuma duk G. P. Bargery ya kawo su a ƙamusunsa na 1934. Akaifa an fi jin ta a bakin mutanen yamma, farce kuwa ita ce ta fi samun gindin zama a daidaitacciyar Hausa. Da yake Kaduna matattara ce ta baƙi, mai sauraro yana iya jin dukkan ukun a layi guda. Ga masu nazarin tsarin sauti, jam'in kalmar, watau farata, yana nuna cewa baƙin asali "t" ne, ya ganɗe ya koma "c" saboda wasalin "e" da ya biyo shi, kamar yadda ake gani a sata da sace.

Sunayen kayan aikin kuma su ma shaidu ne na tarihi. Aska ita ce ta gida, maƙera ke ƙera ta, wanzami ke wasa ta ya adana a zabira. Almakashi daga Larabci aka aro sunansa, abin da ke nuna tsohuwar hulɗar ciniki da ilimi da ƙasashen Larabawa. Reza daga Ingilishi ta shigo a zamanin mulkin mallaka. Ta baya-bayan nan ita ce 'yar na'urar nan mai baki kamar na kada wadda jama'a ke kira nelkota. Wanda ya jera waɗannan sunaye huɗu ya jera zamunna huɗu ke nan.

3.0 Matsayin Addini da na Camfi

Tun kafin zuwan likitan Turawa, Bahaushe yana da dalilai biyu na kula da farce. Na farko shi ne addini. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya lissafa yanke farce cikin abubuwa biyar na fiɗira, tare da kaciya da rage gashin baki da kawar da gashin hammata da na mara. Wani hadisin na Anas a cikin Muslim ya iyakance lokaci, kada a wuce kwana 40. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, kuma wanda kusan kowane ɗalibin makarantar ilimi a ƙasar Hausa yake bi ta kansa, ya ware babi a kan fiɗira da kaciya da aski da sutura. Malaman fiƙihu sun so mutum ya gyara faratansa domin zuwa Juma'a, an kuma hana mai harami yankewa har sai ya sauke. Ko da yake hukunci bai hau kan yaro ba, tsabtarsa tana wuyan iyayensa, saboda haka wannan koyarwa ta shafi goyo ta hanyar masu goyon.

Dalili na biyu shi ne tsoron sammu. A tunanin gargajiya, abin da ya rabu da jikin mutum bai yanke alaƙa da shi ba, don haka gashi da farce da sawun ƙafa da tsumman da ya sha gumi duk ana ganin mugu yana iya amfani da su ya cuci mai su. Wannan ne ya sa ba a barin yankakken farce a watse, balle na yaro, wanda ake ganin jikinsa bai yi ƙwari ba. A nan al'ada da addini suka haɗu, domin malamai da yawa sun so a binne abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam saboda girmama shi. Tsohuwar da ta tona gindin katanga, idan aka tambaye ta dalili, tana iya ba da ɗaya daga cikin biyun, ko ta haɗa su duka.

Akwai kuma camfin da muka taso muna ji, cewa yanke farce da dare yana jawo tsiya. Idan aka tuna cewa hasken gida a wancan lokaci bai wuce aci-balbal ko fitilar ƙwai ba, sai a ga hikimar da ke ciki: wanda ya ɗora aska a yatsan yaro cikin duhu, da wuya ya tashi bai fitar masa da jini ba. Irin wannan tunani bai keɓanta ga Hausawa ba. James Frazer, a babban littafinsa na tsafi da addini wanda ya fara fitowa a 1890, ya tattara misalai daga sassan duniya na yadda ake ɓoye yankakken gashi da farce. A ƙauyukan Ingila ma, har cikin ƙarni na 19, uwa takan cije wa jaririnta farce da haƙori har ya shekara, bisa camfin cewa idan aka sa masa almakashi zai tashi ɓarawo.

4.0 Hannun da ke Riƙe da Yaro a Gidan Gargajiya

Tambayar da ta fi muhimmanci ga mai tarihi ita ce, wa ke yin wannan aiki? Wanzami yana da ranakunsa sanannu a rayuwar yaro: ranar suna yakan yi masa askin farko, ya cire beli, ya yi tsagar gado inda ake yi, daga baya kuma ya yi wa namiji kaciya. Duk waɗannan ranaku ne na jini da kuka, shi ya sa har ake tsorata yaro mai rigima da cewa za a kira wanzami. Farcen goyo kuwa aikin cikin gida ne, aikin mata. Na jariri yana da laushi ƙwarai, uwa takan ɓantare shi da yatsa ko ta cije bayan wanka, sa'ad da ruwan ɗumi ya jiƙa shi. Ƙarfe ba ya shigowa sai farcen ya yi tauri, watau daidai lokacin da yaro ya fara tafiya.

Wannan lokaci kuwa shi ne na ƙiwa da ƙiriniya, kuma shi ne na yaye, wanda akan yi wajen shekara biyu. A nan tsarin babban gida yake nuna amfaninsa. Bisa al'ada, yaron da za a yaye wurin kaka ake kai shi, ko wata gwaggo ko inna, kuma sau da yawa can yake zama na wani lokaci. Idan ɗan fari ne, kunya ta riga ta hana uwa sakewa da shi a gaban mutane, har sunansa ba ta faɗa, saboda haka yawancin hidimarsa tana hannun wasu tun farko. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta yi bayani mai yawa a kan wannan kunya da kuma yadda yara ke tashi a hannun dangi.

Kaka tana da abubuwa uku da matashiyar uwa ba ta da su. Tana da lokaci, domin an ɗauke mata daka da girki. Tana da ƙwarewa, domin yatsun yara da yawa sun bi ta hannunta. Tana kuma da wasan jika, wanda ya ba ta damar kiran yaro mijinta ko kishiyarta, ta tsokane shi, ta mai da abin tsoro ya zama abin dariya. Dabarunta sanannu ne: ta jira barci, ko ta yi aikin yana shan nono ko yana cin wani abu, ko ta fara yanke wa yayyensa yana kallo har ya miƙo nasa hannun don kishi, ko ta yi wa yarinya alkawarin lalle. Idan ya ƙi, ta yanke yatsa biyu ta bar saura sai gobe, tunda gobe ma tana nan. Abin lura shi ne, waɗannan su ne kusan shawarwarin da likitocin yara suke ba iyaye a yau, sai dai sun ƙara da cewa a danne tsokar yatsa a janye ta daga bakin farce kafin a yanke, na ƙafa kuma a yanke shi a miƙe don kada ya nutse cikin nama.

5.0 Kaduna da Sakewar Hannu

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Zariya. Turawa ne suka kafa ta a matsayin sansanin soja da mahaɗar jirgin ƙasa, suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa can a 1917, ta kuma ci gaba da zama babban birnin Jihar Arewa har 1967. Mazaunanta na farko sojoji ne da ma'aikatan gwamnati da na reluwe da 'yan kasuwa da leburori, daga baya masaƙu suka jawo wasu dubbai bayan buɗe ta farko a Kakuri a 1957. Unguwar Shanu, wadda take arewacin kogi, maƙwabciyar Abakpa da Unguwar Kanawa, ba nisa da tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja da aka kafa a 1964, tana cikin unguwannin da irin waɗannan baƙi suka cika.

Wanda ya zo neman aiki da matarsa yake zuwa, ba ya tahowa da mahaifiyarsa da gwaggonninsa. Gidan haya mai ɗaki ɗaɗɗaya ko ciki da falo ya maye gurbin babban gida mai sassa, maƙwabciyar ɗaki kuwa tana iya zama mutuniyar wata ƙasa mai wani harshe. Sakamakon haka shi ne hidimomin da a da suke rarrabe a hannun mata biyar ko shida suka taru a kan yarinya guda mai haihuwar fari, wadda ga girki, ga wanki, ga ɗiban ruwa. Kunyar ɗan fari kanta ta yi rauni a irin wannan zama, domin babu wanda za a miƙa wa yaron. Uwar da ba ta da lokacin jiran barci, dole ta danne yaro da ƙarfi, shi kuma da zarar an yanke shi sau ɗaya ya riƙe abin, gaba da ya ga ƙarfe sai ya ɓoye hannu.

A daidai wannan zamani ne reza ta yawaita. King Gillette na Amurka ya fara sayar da rezarsa mai baki biyu a 1903, kamfanonin ciniki na Turawa suka baza irinta a kasuwannin Afirka ta Yamma, har ta zama abin da ake samu a teburin kowane mai kayan koli. Tana da arha da kaifi, ba ta bukatar wasawa, amma ba ta da mariƙi, kuma an yi ta ne domin gemun babba. Ita kuwa nelkota, ko da yake an yi rajistar ire-irenta a Amurka tun wajen 1875 da 1881, ba ta zama kayan kowane gida a Arewa ba sai da kayan ƙasashen Asiya masu arha suka cika kasuwa.

Makarantar boko ta ƙara wa al'amarin nauyi. Duba farata a layin safe tsohuwar ɗabi'a ce ta makarantun elementare, kuma da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai wannan dubawa ta kai ga gidajen da a da ba su san ta ba. Dogon farce ya zama abin da ke jawo wa yaro bulala, uwa kuma abin kunya. Uwar da ta saba gyara 'yan makaranta ranar Lahadi, sai ta haɗa har da ƙaramin da ke goye.

A cikin wannan giɓi ne sana'ar yankan farce ta yawo ta sami kasuwa. Masu yin ta galibi samari ne 'yan ci-rani daga ƙauyukan Arewa da Jamhuriyar Nijar, irin waɗanda farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙara turowa birane. Jarinta kaɗan ne: almakashi biyu ko uku, da 'yar kwalbar ruwan sabulu, da guntun soso. Tallarta kuwa ƙarar almakashin ce. Asalin abokan cinikinsu maza ne a majalisa da tasha da bakin kasuwa, amma uban da ake yanke wa farce a ƙofar gida yakan ce a haɗa da yaro. Ta haka aikin da a da ake yi a cinyar kaka ya koma hannun baƙo mai riƙe da ƙarfe, a shekarun da yaro ya fi ƙyamar baƙo.

6.0 Batun Jini

Dogon farce ga yaro yana da illa tabbatacciya. Ƙasa da ƙwayayen tsutsar ciki suna maƙalewa a ƙarƙashinsa, hannun kuma kullum yana baki. Susar ƙazuwa ko cizon sauro da shi takan zama gyambo. Yankewar da ta zurfafa ita ma takan buɗe ƙofa ga ɗan karkare. Amma babban haɗarin da kakanninmu ba su san da shi ba yana cikin ƙarfen da ya bi yatsun mutane da yawa.

An ba da sanarwar samun cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, kuma gargaɗin da ya biyo baya a rediyo da talabijin shi ne ya fara sa jama'a tsoron aska da reza na haɗaka. Sai dai ta wannan hanya ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba. Ƙwayarsa, wadda binciken Baruch Blumberg ya kai ga ganowa daga 1965, tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Ruwan sabulu ba ya kashe ta. Ƙididdigar ƙasa da aka yi a 2018 ta nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, alhali masu ƙanjamau kashi 1.4 ne a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49.

Shekarun yaro suna da muhimmanci a nan. Babban da ya kamu, galibi jikinsa yakan kawar da ƙwayar, kimanin kashi 5 cikin 100 ne take zame wa ta dindindin. Ga jariri kuwa adadin ya kai wajen kashi 90, ga ɗan shekara 1 zuwa 5 kimanin kashi 30. Wanda ta zauna masa yana iya yin shekaru talatin bai sani ba, sai hanta ta lalace ko ta kamu da sankara. Yaron da yake fizge-fizge shi ne ya fi kusa da a yanke shi, shi ne kuma cutar ta fi kusa da ta zauna masa. An shigar da rigakafin wannan ciwo cikin allurar yara ta ƙasa a 2004, aka haɗe shi cikin allura mai kariya biyar daga 2012, amma yaron da ba a kai shi ya kammala ba yana nan a buɗe.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan masu yankan farce, waɗanda neman halali ne ya fito da su. Reza guda da ake adanawa a saman taga, uba ya yi gyaran fuska da ita, uwa ta yanke wa yara biyar farce, ita ma haɗaka ce. Haka nan askar wanzami ta ranar suna.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi yanke wa yaro farce daga haƙorin uwa da cinyar kaka zuwa reza da almakashin ɗan ci-rani, ta nuna cewa zaman birni irin na Unguwar Shanu ya raba uwa da mataimakanta a lokacin da ya miƙa mata ƙarfe mafi kaifi. Abin da tsohuwa ta yi a gidan ƙanwata ya haɗa haƙurin da da ilimin yanzu, domin ta jira barci kamar yadda ta gada, ta kuma nemi sabuwar reza kamar yadda ta ji a rediyo. Babban gida ba zai dawo ba, amma dabarunsa ana iya koyar da su a wurin awon ciki da makarantun Islamiyya na matan aure, tare da jan hankali cewa kowane yaro ya sami abin yanke farcensa shi kaɗai, a kuma kammala masa rigakafi.

Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, akwai aiki a nan. Camfe-camfen da suka shafi farce da gashi da haƙorin yaro, da kalmomin lallashi da tsokana da kakanni ke amfani da su, da tarihin masu yankan farce daga bakinsu, duk sun cancanci a tattara su gari-gari tun tsofaffin da suka san su suna raye.